Wa Za a Ba Gadin Kwamfutar Gida? Tambayar Tawakkali da Amana Daga Ƙasar Magarya

Filash ɗin ɗalibi ɗan Wurno da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya fi mai shi yawo. Da safe yana jikin kwamfutar shagon buga takardu a Sakkwato, da rana yana hannun aboki ana kwafar darasi, ranar Juma'a kuma ya hau mota ya bi ta Achida ya iso gida, inda za a soka shi a laftof ɗin yayan ɗalibin, malamin makarantar firamare. A ɗaya daga cikin waɗannan zanguna yake kwaso abin da masu gyara ke kira bairos ɗin shotkot. Wannan cuta tana ɓoye fayilolin da ke cikin filash, ta jera wasu alamomi masu kama da su a gurbinsu. Duk wanda ya danna ɗaya ya shigar da ita kwamfutarsa da hannunsa, daga ranar kuma duk filash ɗin da aka soka sai ya fita da ita. Sau da yawa fayilolin suna nan daram, ɓoye su kawai aka yi, kuma mai gyaran da ya san aikinsa zai fito da su cikin 'yan mintoci. Wanda bai sani ba sai ya ce a yi fomatin, wahalar shekara guda ta bi ruwa.

Bayan hasara, abin da ake cewa sananne ne: haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne, kuma magana ce mai sanyaya zuciya. Sai dai akwai 'yar'uwarta da ake faɗa tun kafin hasarar. Mai gyara ya ce, "Alhaji, a sa mata antibairos?" Sai a amsa masa, "Bar ta haka nan, Allah ya tsare." Ga kuma saurayin da tsoro ya sa ya jibga wa tsohuwar kwamfutarsa manhajar kariya uku da ta shara biyu, har ta koma ba ta iya buɗe takarda sai ya gama shan shayi. Dukansu biyu, ko sun sani ko ba su sani ba, sun ba da amsa ga tsohuwar tambaya ta malaman tauhidi: wanda ya yi imani cewa babu abin da zai same shi sai abin da aka rubuta masa, ina iyakar tsaron da ya kamace shi?

Ƙasar Magarya ta daɗe da sanin wannan tambaya. Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, yana da birnin Sakkwato da ganuwarsa, amma ya riƙa barin birnin yana zama a bakin daga, a fuskar da Gobirawa ke kawo hari ta kwarin Rima. Magarya na cikin wuraren da ya yi ribaɗi, kuma Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya sauka a garin a tafiyarsa ta biyu, a ƙarshen 1826. Daga baya Bello ya gina Wurno ya mai da ita mazauninsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake. Ya zaunar da makiyaya a garuruwan ribaɗi, ya kawo malamai da masu sana'a, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kan wasu daga cikinsu. Ya yi rubutu a kan ribaɗi da gadi, ya yi kuma a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Ɗan Shehu Usmanu ne, ba wanda zai koya masa imani da ƙaddara, kuma bai ga wani saɓani ba tsakanin wannan imani da gina ganuwa ko haɗa magani.

Babu mai hankalin da zai daidaita fayil da ran ɗan Adam, balle a yankin da aka kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021. Mutanen gabashin Sakkwato sun san ma'anar tsaro fiye da yadda kowane marubuci zai gaya musu. Amma ƙa'idar da ke hukunta babban abu ita ce ke hukunta ƙarami, kuma a ƙaramin ne mutum yake da cikakken iko.

Ƙa'idar kuwa ta girmi Wurno. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. A zamanin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya isa Sarg, aka sanar da shi cewa cuta ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi, Umar ya nuna masa cewa daga wata ƙaddarar ake gudu zuwa wata, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe: duk inda ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Wannan ɓangare na muhawarar an rufe shi tun ƙarni na farko. Mai cewa "Allah ya tsare" don ya kauce wa ɗawainiya, addu'arsa daidai ce, hujjarsa ce ba ta tsaya ba.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne wurin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. A babin tawakkali na Ihya'u Ulumiddin ya kasa hanyoyin kauce wa cuta gida uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa ba ya cikin tawakkali ko kaɗan. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da sauran magungunan likitoci, wanda yin sa ba ya rushe tawakkali. Akwai kuma na tsammani kawai, wanda mai dogaro ga Allah ya kamata ya bar shi. A wannan babin ya yarda mutum ya kulle ƙofarsa idan zai fita, amma ya hana wuce gona da iri, irin tara kwaɗuna da yawa a ƙofa ɗaya. Da mai kwamfuta zai ɗauki wannan ma'auni ya shiga kasuwa da shi, da ya tsira da kuɗinsa da natsuwarsa.

Abin da ya fi kusa da tabbas a duniyar kwamfuta abu biyu ne, kuma babu antibairos a cikinsu. Na farko shi ne ajiye kwafin duk muhimmin abu a wani wuri dabam, a faifan ajiya da ake cirewa a adana, ko a akwatin imel, ko duka biyu. Wannan yana maganin bairos, yana maganin ɓarawo, yana maganin wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙone na'ura. Na biyu shi ne barin Windows ta sabunta kanta. Ranar 12 ga Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayiloli tana neman fansar dala 300. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin likita kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci, akasarinsu maganin yana jiran su ne ba su karɓa ba.

Ita antibairos tana gida na biyu. Tana da amfani na zahiri, amma ba ta da tabbas. Tana gane cuta ta hanyar jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, da kuma lura da ɗabi'ar manhajar da ke yin abin da bai dace ba, kamar wadda ta fara sauya fayiloli ɗaruruwa a lokaci guda. Cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce tana rubuta sababbin miyagun manhajoji fiye da 450,000 kowace rana. Ke nan antibairos ɗin da ta yi wata shida ba ta sha data ba, tana neman fuskokin ɓarayin bara ne. Gida na uku kuwa cike yake da kaya: manhajojin da ke alkawarin ƙara wa kwamfuta gudu, da saƙon da ke faɗowa a allo da jan rubutu yana cewa an gano cuta 37 a danna nan. Da yawa daga cikin irin waɗannan su ne cutar da kanta.

Har zuwa nan ana maganar mutum da dukiyarsa ne, kuma mai dukiya yana iya cewa ya yafe. A nan ne tambayar ke canza fuska, domin kwamfutar gida a Wurno ko Rabah ko Goronyo da wuya ta zama ta mutum ɗaya. A cikinta akwai sakamakon jarrabawar yaran makarantar da maigidan ke koyarwa. Akwai lissafin ƙungiyar manoman albasa da tafarnuwa, wa ya biya wa ake bi. Akwai hoton katin ɗan ƙasa na maƙwabcin da aka cika wa fom, da takardar JAMB ta 'yar ƙanwa, da hotunan matan gida na ranar biki waɗanda ba a ɗauka don idon bare ba. Duk waɗannan ajiya ce. Mutum yana da damar yin tawakkalin da ya kai na waliyyai a kan abin da yake nasa, amma ba shi da damar yin sa da kayan marayu ko da sirrin maƙwabci. Kuma cutar ba ta tsayawa inda ta sauka. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, kuma malaman Malikiyya sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda take cikin Muwaɗɗa. Kwamfutar da ke harbin kowane filash da ya shigo ta faɗa ƙarƙashin wannan hani kai tsaye.

Wannan shi ne abin da ribaɗin Bello ke koyarwa wanda hadisin taguwa shi kaɗai bai fito da shi fili ba. Mai taguwa kayansa yake tsarewa. Wanda ya zauna Magarya ko Wurno kuwa, da lafiyar kansa kawai yake nema da ya koma cikin birni. Ya zauna ne don waɗanda ke bayansa su yi barci, shi ya sa aka ɗauki zaman ibada. Idan aka dubi kwamfutar gida ta wannan fuska, sa mata kariya ya tashi daga abin da aka yarje wa mutum ya koma abin da ake bin sa.

Sai dai zaɓen mai gadi shi ma amana ce, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Wanda ya ɗauki mai gadi ya ba shi makullan gida ne. Antibairos ba ta iya aiki sai an ba ta izinin buɗe kowane fayil, da leƙa kowane shafin da aka ziyarta, da shiga can cikin ƙashin bayan na'ura inda sauran manhajoji ba sa kaiwa. A Fabrairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5, bisa zargin cewa ya tattara bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta, ya sayar ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, alhali ya yi musu alkawarin kare su daga masu bibiya. A Yunin wannan shekarar gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta, tana cewa gwamnatin Rasha na iya tilasta wa kamfanin miƙa bayanai. Kamfanin ya musanta, kuma manhajarsa ta daɗe tana cin maki mai kyau a gwaje-gwaje, amma rigimar ta tuna wa duniya irin ikon da ake miƙa wa waɗannan kamfanoni. Wata ɗaya bayan haka, ranar 19 ga Yuli, kuskure a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike, wadda manyan kamfanoni ke amfani da ita, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba ɓarawo ya yi wannan ba, mai gadi ne ya yi tuntuɓe.

To ina ga antibairos ɗin sata, wadda aka fasa makullinta ake zuba wa mutane a shaguna a kan 'yan ɗaruruwan naira? Matsalarta biyu ce. Haƙƙin wani ne aka ci, kuma wanda ya fasa ta, wanda ba a san shi ba, ya sami damar cusa duk abin da ya ga dama a cikinta kafin ya sake ta kyauta. Sau da yawa ma umarnin farko da ke zuwa da irin waɗannan manhajoji shi ne a kashe kariyar kwamfuta kafin a girka su. Mutumin kirki da ba zai taɓa sayen akuyar da bai san asalinta ba a kasuwar Achida, bai kamata ya damƙa sirrin iyalinsa ga wannan ba.

Amsar da ta dace da yawancin gidaje mai sauƙi ce har ta kan ba mutane mamaki. Windows 10 da 11 suna zuwa da kariyarsu a ciki, Microsoft Defender, ba a biyan ko kwabo, kuma a 'yan shekarun nan tana fitowa cikin sahun gaba a gwaje-gwajen AV-TEST da na AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. Waɗannan cibiyoyi biyu suna wallafa sakamakonsu kyauta, duk mai son wata manhajar, Bitdefender ce ko ESET ko wata, yana iya dubawa ya ga yawan cutar da ta kama, da yawan ƙararrawar ƙarya da ta buga, da nauyin da take ɗora wa na'ura. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga laftof ɗin gwanjo mai ƙaramin ƙarfi. Guda ɗaya ta isa, biyu faɗa suke yi da juna. Idan aka girka wata, Defender kan ja baya da kanta, don haka manhajar gwaji ta wata ɗaya da wa'adinta ya ƙare aka bar ta a zaune tana iya barin gida ba tsaron kirki.

Akwai wahalar da marubutan ƙasashen waje ba sa lissafawa. Sabuntawa tana cin data, data kuwa kuɗi ce, kuma sabis ba kullum yake nan ba. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Rabah da Goronyo suna ciki. A irin wannan hali filash da memori su ne intanet ɗin jama'a, ta hannun masu tura waƙoƙi da wa'azi da finafinai, wato lokacin da kariya ta fi rauni shi ne lokacin da cuta ta fi samun hanya. Akwai dabara: Microsoft na ajiye sabon jerin alamomin Defender a fayil guda da za a iya saukewa a gari mai sabis, a kai shi ƙauye a girka. Matsalar da ta fi wannan girma ita ce tsufan na'urori. Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, ga shi kwamfutocin gwanjo da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai irin wannan na'ura ya fi kowa bukatar kwafin ajiya, kuma gara ya raba ta da harkar banki.

Banki kuwa ya kawo wani abin da babu manhajar da ke maganinsa. Mafi yawan kuɗin da ake kwashe wa mutane a Arewa ba ta bairos ake bi ba. Kira ne ake yi da murya mai ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka," sai dattijo ya karanto lambar BVN ɗinsa da lambar sirrin da aka turo masa yanzu-yanzu. Kyakkyawan zato ɗabi'a ce ta mutanen kirki, kuma da ita ake farautarsu. Ɗan da ya girka wa mahaifinsa antibairos amma bai zauna ya gaya masa cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya ba, rabin aikin ya yi.

Wani zai ce, idan duk an yi wannan, ina aka bar wa tawakkali? An bar masa wurin da Gazali ya ajiye shi, wato zuciya. Mutum ya kulle ƙofa ba tare da ya dogara ga kwaɗon ba, domin ya san kwaɗo kan karye, kamar yadda CrowdStrike ta nuna wa manyan kamfanonin duniya. Idan hasara ta zo bayan ya yi abin da ke kansa, ba ya cin kansa da da-na-sani, ba ya kwana yana zargin ɗan da ya taɓa na'urar. Saurayin nan mai manhaja biyar ya rasa wannan natsuwa, don yana neman tabbas a inda babu shi. Alhajin da ya ce a bar ta haka nan yana da natsuwar, amma da kayan wasu ya saye ta.

Akwai mas'alar da ta cancanci malaman zaure na Wurno da Rabah su zauna a kanta, domin littattafan da suke karantarwa sun riga sun ɗauko bakin zaren. A Risalar Ibn Abi Zaid, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta sai in ya yi ta'adi, amma masu sana'a, irin maɗinki da marini, suna lamunin kayan da aka bar musu suka kaɗaita da su. Malikiyya sun tsananta a nan ne don maslahar jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a. Yau mai shagon buga takardu da mai gyaran kwamfuta suna cikin wannan matsayi: ɗalibi ba shi da zaɓi sai ya miƙa musu filash ɗinsa. Idan mai shago ya san na'urarsa na harbi, an sha gaya masa, kariyar kyauta tana nan bai kunna ba, sannan aikin wani ya lalace a hannunsa, da wuya a wanke shi daga sakaci. Yadda za a ƙiyasta diyyar fayil, da ko hukuncin ya bambanta idan mai filash yana tsaye a wurin lokacin da aka soka shi, wannan aikin masu fatawa ne. Dokar ƙasa ta riga ta fara magana, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Dubban masu shaguna a jihar Sakkwato ba su taɓa jin sunan wannan doka ba, amma suna zuwa karatun bayan magariba, kuma idan malaminsu ya ce musu kwamfutar shago mai harbi haƙƙin mutane ce a wuyansu, da yawa za su gyara ta kafin Juma'a ta zagayo.